Motar Kawu a Hanyar Agadas

Tsakanin Kongolam da Agadas motar Kawu Iro ta mutu sau goma sha ɗaya. Na ƙirga sarai, don ni ne direba, ni ne kuma makanike, kuma duk sa'ad da ta mutu ni ake juyowa a kalla. Shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ce, farkon damina. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Shekara bakwai na yi a garejin Malam Bulus a Wusasa, har ta kai daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Doka in mota ta gagari mutane sai a ce a kira Shehu. Ba yabon kai nake yi ba, tsofaffin birni suna nan, a tambaye su.

Kawu Iro ƙanen mahaifiyata ne, tsohon magatakardan kotun alƙali, kuma limamin masallacin unguwarmu. Motar wata tsohuwar baƙa ce da ya saya hannun wani hedimasta bayan ya bar aiki. Ni abin da ya sa na yarda da tafiyar shi ne na ji ana ɗaukar makanikai a Arlit, gaba da Agadas, inda Turawa ke haƙar ƙasa. Na je, na yi shekara huɗu a can, amma wannan wani labari ne. Shi Kawu abin da ya fito da shi takarda ce da wani direban babbar mota ya kawo. An rubuta cewa wan Kawu, Malam Sule, yana kwance a Agadas, jiki ya yi tsanani, ya ce a gaya wa Iro yana son ganinsa.

Ni ban taɓa ganin Malam Sule ba, a gidanmu ko sunansa ba a kamawa. Sai da muka wuce Daura Kawu ya gaya mini dalili, yana kallon titi, bai dube ni ba. Ya ce ranar da mahaifinsu ya rasu aka zauna a zaure a kan wanda zai gaji limanci. Malam Sule ne babba, amma shi Kawu ya fi shi karatu. A gaban dattawan unguwa ya buɗe baki ya ce ba a ba jahili gaban sahu. Malam Sule ya tashi ya sa takalminsa, ya bar garin. Shekara talatin ke nan da ɗoriya.

"Shehu," in ji Kawu, "na ja mutane salla shekara talatin da wannan magana a wuyana. So nake in ji ya ce ya yafe mini. Ka kai ni yana da rai."

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka. Kwana uku ka gan ka a Agadas. In motar nan ta yi tari, ni na san maganinta."

A Kongolam, bakin iyaka, jandarmomi suka tsare mu suna juya takardun mota sama da ƙasa, ruwa kuwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a rumfa har ya ɗauke. Rana ta fito da ƙarfinta, aka buga mana hatimi, muka shiga ƙasar Nijar. Ba mu yi tafiyar rabin sa'a ba sai na ji mota ta fara fizga. Na taka totur, ta yi kamar za ta amsa, ta yi tari biyu, ta mutu murus a tsakiyar hanya.

Ko a jikina. Malam Bulus ya koya mana cewa inji ba ya mutuwa sai ya rasa ɗaya cikin uku, mai ko wuta ko iska, kuma makanike na ƙwarai bin su yake ɗaya bayan ɗaya, ba ya tsalle. Na buɗe bonet. Na cire wayar fulogi na kara a jikin inji, na sa Kawu ya murɗa makulli, wuta ta yi tartsatsi shuɗiya, lafiya lau. Na buɗe matatar iska, fes take. Saura mai. Na leƙa kafireta, inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga inji, na same ta a bushe. Na ce yauwa, datti ne ya toshe ta. Na hura nan, na goge can, na ɗan jima, na murɗa makulli, ta tashi. Na dubi Kawu ina murmushi, na ce, "Ka gani?"

Kafin mu kai Matamaye ta sake mutuwa sau biyu.

A Matamaye na yi abin da har yau nake jin haushin kaina a kai. Kawu ya ce mu lallaɓa a haka, tunda in ta huta tana tashi. Na ce ina! Ba za a ce Shehu na Ƙofar Gayan ya shiga Agadas da mota tana mutuwa kamar kazar da ta sha ruwa ba. Na shimfiɗa tabarma a gindin wata bedi, na kwance kafiretar nan kaf, na jera ƙananan kayanta a kan farin ƙyalle, na wanke kowane da fetur. Na kwance famfon mai, na duba robarsa, ba ta tsage ba. Na zuƙi bututun mai da bakina har na ƙware, na yini ina gyatsar fetur. Yini guda cur ya tafi. Kawu yana zaune yana jan carbi, in na ɗaga kai sai in ga ba ni yake kallo ba, hanyar arewa yake kallo.

Washegari ta kai mu Damagaram, amma sai da ta mutu sau biyu a hanya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne halinta. In ta mutu, ka bar ta kamar rabin sa'a, sai ta tashi kamar ba ita ba. In kuwa aka ƙara mata mai daga jarka, nan take take tashi, alhali tankin ba a bushe yake ba. Na gaya wa Kawu cewa wannan mota ba ciwo gare ta ba, iskanci ne. Bai yi dariya ba.

A Damagaram mutane suka taru a kanmu a bakin kasuwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce man Nijeriya ruwa gare shi. Aka kawo mana wani mai gareji, ɗan gayu, da hular Faransawa a karkace da sigari a baki. Ya zaga motar sau ɗaya, ya dafa kwayil, wato tulun da ke ƙara wa fulogi ƙarfin wuta, ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Bobin ne," in ji shi, don haka suke kiran kwayil a can. "In ya yi zafi sai ya yanke wuta, in ya huce ya dawo. Wa ya ce muku kafireta ce?"

Na ce, "Malam, na gwada wuta, tana nan. Mai ne ba ya zuwa."

Ya dubi Kawu, ko kallona bai yi ba. "Alhaji, wannan direbanka ne ko ɗanka? Ku mutanen Ingilishi kun iya surutu."

Raina ya ɓaci, amma maganarsa tana da kan gado, don kwayil yakan yi haka, na sha gani. Ga shi na riga na ci wa Kawu yini guda, ba ni da bakin musu. Mai gareji ya ce sai gobe za a samo sabo. Muka kwana a zauren wani mai sayar da fata. Da safe ya ɗaura wani kwayil mai sheƙi, ya ce Kawu ya buɗe tanki ya shinshina man, ya karɓi abin da ya karɓa, ya murɗa makulli. Mota ta tashi ras. Kawu ya yi ta sa masa albarka.

Da muka yi nisa a hanyar Tanut, inda kwalta ta ƙare, ta sake mutuwa. Na buɗe bonet na kankare jikin kwayil ɗin da farce, fenti ya ɓantare, ga tsatsa a ƙasa. Tsoho ne ya shafa wa fenti, namu mai lafiya kuwa ya sa a aljihu. Wallahi da na iya komawa da ƙafa a ranar, da na koma na ci kwalarsa. Allah ya so tsohon yana ba da wuta, ko da yake ba kamar namu ba.

Kawu ya ce, "Bar shi da Allah, Shehu. Kwana nawa ke nan?"

Na ce, "Huɗu."

Kafin mu shiga Tanut ta sake mutuwa sau biyu.

Tanut ta sa ni kewar gida. Ni da na tashi in na fito ƙofar gida ina hango dutsen Kufena, ga rimaye sun tsaya a kan ganuwa, sai ga ni a ƙasar da za ka duba har iyakar ganinka babu abin da ya fi raƙumi tsawo. Na tuna tuwon dawar mahaifiyata da miyar kuka, na tuna hayaniyar 'yan koli a kasuwar birni, na ji ƙwalla na neman zubowa, ni ƙato da gemu. Wata tsohuwa mai fura ta ji muna magana, ta ce, "Ku Zazzagawa ne?" Ashe kakarta daga wajen Zariya aka kawo ta. Ta dama mana fura ƙwarya guda, ta ƙi karɓar komai, ta ce mu dai gaishe mata da garin.

Gaba da Tanut babu hanya sai sawun manyan motoci a cikin rairayi. Nan ne tsoro ya fara shiga ni, don in mota ta mutu a nan ta ƙi tashi, ba maganar jinkiri ake yi ba. Ta mutu da hantsi, ta mutu da azahar. Ta goma sha ɗaya ta same mu wajen la'asar, kusa da wata rijiya, inda wani Buzu ya kafa bukkar tabarmi da iyalinsa da 'yan awakinsa. Kawu ya fito ya zauna a kan rairayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Shehu, ko dai ba a ƙaddara zan same shi ba ne?"

Buzun, sunansa Alhusaini, ya taso ya yi mana sallama, ya ce mu zo inuwa, shayi ya riga ya nuna. Na so in ƙi, don raina a jagule yake, amma Kawu ya ce ba a ƙin kiran mai gida. Muka zauna. Alhusaini ya ɗauko 'yar butar shayinsa shuɗiya daga kan gawayi, ya ɗaga ta sama zai tsiyaya. Shayin ya zubo, ya yanke, ya sake zubowa, ya yanke. Ya yi tsaki, ya tsinko ƙaya a gefensa, ya soka a wani ɗan rami da ke saman murfin, ya zaro ganyen shayi da ya toshe shi. Ya sake ɗagawa, shayi ya zubo zar, bai yanke ba.

Na ce, "Me ka yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan rana. "Ramin ne ya toshe. In iska ba ta shiga ta sama ba, ruwa ba ya fita ta ƙasa."

Ban san lokacin da na tashi ba, har na yi fatali da kofin da ya miƙo mini. Na ruga bayan mota. Tun da muka baro Zariya ban taɓa murfin tankin nan da hannuna ba, kuma ga dalili. Ana gobe za mu tafi, Inna Talatu, matar Kawu, ta karɓi murfin ta kai wa wani baduku a cikin birni. Ta ce tanki shi ne bakin mota, ta nan take ci, ta nan kuma mugun abu zai shige ta. Ta sa aka ɗora laya a saman murfin, aka lulluɓe su tare da jar fata, aka yi ɗinki mai kyau da ado kore, irin aikin dukawanmu da ko allura ba ta samun wurin shiga. Ta kuma kafa sharaɗi cewa Kawu kaɗai zai riƙa buɗewa, da bisimilla. Ni kaina na yaba aikin, har na ce zai hana yashi shiga. To Kawu kunnensa ya yi nauyi, ni kuwa kullum kaina yana cikin bonet.

Na kara kunnena a bakin tanki, na murɗa murfin a hankali. Fuuuu! Tankin ya zuƙi iska kamar mutumin da aka daɗe da shaƙe wa wuya, har na ji ƙarfen ya yi ƙara yana komawa daidai. Na yi kabbara da ƙarfi har awaki suka watse.

"Kawu! Ba kafireta ba ce, ba kwayil ba ne! Numfashi take nema!"

Na yi masa bayani. Kowane murfin tanki yana da ɗan rami kamar na butar nan. Famfo yana jan mai, iska tana shiga ta cike gurbinsa. In ramin ya toshe, famfo zai yi ta ja har ya gaji, mai ya daina zuwa. Daga Zariya zuwa Daura fatar sabuwa ce, iska tana ɗan ratsawa ta gefe. Da ruwan Kongolam ya jiƙa ta, rana ta busar da ita, sai ta ƙanƙance ta kama murfin gam. In mota ta huta, iska ta ɗan silala, sai ta tashi. In aka buɗe don ƙara mai, ko don mai gareji ya shinshina, sai ta tashi nan take. Na bi mai, na bi wuta, na bi iska, amma iskar gaba kaɗai na sani.

Na ce wa Alhusaini ya ara mini basilla in huda fatar. Kawu ya miƙe tsaye ya riƙe mini hannu.

"Ba ka da hankali ne? Sunayen Allah ne a ciki. Ka soka musu ƙarfe?"

"Kawu, rami ɗaya ne tak, ɗan ƙanƙane."

"Ko rabin rami ne ban yarda ba."

"To mu cire ta mu ajiye."

"A yanka ɗinkin da wuƙa, a yanki rubutun? A'a."

Na ce, "Kawu, Malam Sule fa yana jira." Duk da haka bai sake ni ba.

Matar Alhusaini ce ta raba mu. Tana zaune a bakin bukka tana jin mu, ashe aikin fata sana'arta ce. Ta yi wa mijinta magana da yarensu, ya ce mu ba ta. Ta ɗauki murfin ta jujjuya, ta yaba ɗinkin da kai, sa'an nan ta sa tsinin basilla tana zare zaren ɗaya bayan ɗaya, ba ta yanka ko guda ba. Ta fito da layar lafiya, ta naɗe ta a cikin jar fatar, ta sake ɗinkewa, ta yi mata igiya. Kawu ya karɓa ya rataya a madubin gaba da bisimilla. Ni kuwa na ɗaga murfin ina kallon rana ta cikin ɗan ramin, ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamarsa ba. Kawu ya ciro sabuwar hularsa ya ba Alhusaini, shi kuma ya tilasta mana muka shanye shayin, kofi uku-uku, ya ce ba a tashi a kan na farko.

Daga rijiyar nan har Agadas motar ba ta ƙara ko tari ba. Muka yada zango a Adarbisanat, da asuba muka ɗauki hanya. Na taka ta yadda ban taɓa taka mota ba, tana ta gurnani a cikin rairayi, Kawu yana riƙe da ƙofa yana salati, amma ko sau ɗaya bai ce in rage ba. Da azahar muka hango hasumiyar masallacin Agadas. Kwana shida ke nan, inda na yi alkawarin uku.

Gidan ba shi da wuyar samu, kowa ya san Malam Sule Bazazzagi mai ɗinkin huluna. Matarsa ta tarye mu a tsakar gida. Da ta ji sunan Kawu sai ta rufe baki da mayafi.

"Yana nan da rai," ta ce. "Amma tun jiya da azahar bakinsa ya rufe. Har shekaranjiya yana tambaya ko an ji ƙarar mota."

Jiya da azahar muna cikin rairayi, ina zagin kwayil. Da ban kwance kafireta a Matamaye ba, da mun same shi yana magana. Kawu bai dube ni ba, kuma har ya bar duniya bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Muka shiga ɗakin. Wani tsoho ne a kwance a kan gadon kara, ya rame ƙwarai, idonsa a rufe, amma hancin nan da goshin nan na mahaifiyata ne sak. Kawu ya cire rawaninsa ya ajiye, ya durƙusa a ƙasa. Mutumin da in ya yi gyaran murya a Ƙofar Gayan kowa yake nutsuwa, sai ga muryarsa tana rawa.

"Yaya, Iro ne. Na zo. Maganar da na faɗa a zaure, ni ne jahilin, ba kai ba. Ka yafe mini don Allah."

Leɓen tsohon ya motsa, babu abin da ya fito. Kawu ya sake faɗa, ya matso da kansa kusa. Sai na ga hannun Malam Sule ya taso daga kan bargo a hankali, yana lalube. Ya taɓa gemun Kawu, ya wuce kumatu, ya kama kunnensa na dama. Ya ja shi, ja na gaske, har kan Kawu ya karkace. Ya riƙe na ɗan lokaci, sa'an nan ya saki, ya shafa masa kai sau biyu.

Kawu ya fashe da wani abu da ban san ko kuka ne ko dariya ba. Na fita tsakar gida na ba su wuri.

Bayan la'asar Malam Sule ya cika. Da Kawu ya fito gaya mana, hawaye ya jiƙa masa gemu, hannunsa ɗaya yana kan kunnen, wanda har lokacin ja wur yake.

"Shehu, ka gani da idonka ko? Haka yake yi mini muna yara in na yi laifi. In ya ja kunnen, to magana ta ƙare, ba ya sake tayar da ita." Ya sake taɓa wurin. "Ya ja, Shehu. Wallahi ya ja."